Farin Ƙyallen Kang Kasmuri

A garinmu Tambaklor kowa mai ladabi ne. Ba tarbiyya ce ta yi mana yawa ba, ƙofofinmu ne suka gajarce. Kowace shekara ruwan teku yana ƙara hawowa, mu kuma muna ƙara cike ɗakunanmu da ƙasa, rufi kuwa yana nan inda iyayenmu suka bar shi. Yau ko mai gari ne ya zo gidanka, sai ya rusuna kafin ya yi sallama. Mutum ɗaya na sani da bai iya rusunawa ba, domin gwiwarsa ta hagu ba ta lanƙwasuwa, sai dai ya shiga ɗaki a karkace kamar ƙaguwa. Shi ne Kang Kasmuri, direban motar gawa ta masallacinmu.

Ni sunana Tukiran. Kifi nake sara a bakin tafkuna in kai kasuwa a tsohuwar a-kori-kurata. Kasmuri ya girme ni nesa ba kusa ba, shi ya sa nake ce masa Kang kamar yadda ƙane ke kiran wansa, ko da yake ko kakan kaka ba mu haɗa ba. Benci muka haɗa, na rumfar kofi da ke kallon masallaci. Ni ina zuba, shi yana shiru. A haka muka yi shekaru, kuma a ganina babu wanda ya cuci wani.

A ƙuruciyarsa manyan motoci ya ja, daga wannan bakin tsibiri zuwa wancan. Wata rana taya ta fashe masa a gangara, motar ta kwanta, ya fito da ransa amma ya baro gwiwa a can. Ƙafar da ba ta taka kuloci kuwa ta yi sallama da babbar mota. Ya dawo gida yana ɗinkin raga da facin kwalekwale, fuska a murtuke kamar an aiko masa da sammaci. Ana nan sai mahaifiyar wani mai masana'anta a Semarang ta rasu, ya yi mata sadaka da wata tsohuwar farar bas, ya ba masallacinmu don ɗaukar gawa. Da aka leƙa ciki sai aka ga babu kuloci, irin mai canja giya da kanta ce. Samarin gari duk masu son tuƙi ne, amma babu mai son tuƙi da mamaci a bayan ƙeyarsa. Kasmuri ya zagaya motar yana jan ƙafa, ya miƙa hannu, aka ba shi makulli. Ya zura shi a igiya ya rataya a wuya. Tun daga ranar ko liman bai sake taɓa makullin nan ba.

Motar gawa a wurinmu ba ado ba ce. Maƙabartarmu tana bayan tafkuna, kuma teku ya riga ya karɓe ta, aro kawai yake ba mu. In ruwa ya janye, kawunan kaburbura suka leƙo, sai a yi maza, wasu na haƙa wasu na kwalfewa da bokiti, a sa mamaci a rufe kafin mai wurin ya dawo. Saboda haka duk wanda ke da dangi a tudu wasiyyarsa ɗaya ce, a kai shi gida. Kasmuri ne mai kai su. Ya hau da su Ungaran, ya hau Salatiga, ya hau ƙauyukan da hanyarsu ke miƙewa tsaye kamar tsani. Bai taɓa barin gawa a gefen titi ba. Wannan shi ne abin alfaharinsa, ko da yake bai taɓa faɗa da bakinsa ba. Ni nake faɗa masa, kyauta.

Ba addu'a kaɗai ke hawa da motar ba, har da man giya. Zai tayar da ita ya bar ta ta yi ɗumi. Ya taka birki, ya bi da sandar giya gida-gida yana ɗan dakatawa a kowanne kamar mai yawon gaisuwar Sallah, sannan ya mayar da ita mazauninta. Sai ya fito ya ɗaga bonet, ya zaro gejin, siririn ƙarfen nan mai tsawo, ya goge, ya mayar, ya sake zarowa. Na biyun nan shi ne mai magana. Ya shafa shi a farin ƙyalle, ya ɗaga wa rana, ya murza da yatsu ko zai ji ɓarɓashi, daga ƙarshe ya kai hanci.

"In ja ne garau kamar zoɓo, lafiya lau," ya taɓa ce mini, ranar da magana ta kama shi. "In ya koma kalar shayi, ya gaji. In ya yi baƙi yana ƙaurin ƙanzo, ka ci amanarta. In kuwa ka ga ya yi fari-fari, kamar jan lemo da aka zuba wa madara..."

"Sai a jefa ƙanƙara a sha," na ce.

"Sai ka nemi wata motar. Ruwa ya shiga."

Ƙyallen ma ba kowane ba. Pak Modin, mai kula da wankan gawa da suturarta a garinmu, in ya yanka likkafani yakan rage 'yan guntaye, Kasmuri ke karɓa. Ya ce duk garin babu fari mai gaskiya kamarsa. Tsumman gareji ya riga ya sha baƙi, me ka ɗiga masa sai ya ce maka daidai ne.

Da farko sai an yi rasuwa yake wannan dube-duben. Mutane suka gane. Kafin lasifikar masallaci ta yi gyaran murya, an riga an hango bonet a ɗage, mata sun fara tambayar juna wa ya tafi. Wata safiya ya ɗaga bonet don kawai ya ji wani ƙara da bai yarda da shi ba. Akwai wata tsohuwa, Mbah Ponirah, tagarta tana kallon rumfar motar, ta daɗe a kwance ba lafiya. Sai ta turo tagar da sandarta.

"Kasmuri! Ni ce?"

"Ke ce me, Mbah?"

"Na ga ka buɗe. In ni ce ka faɗa mini in sa a kira 'ya'yana. Kada ku yi ta shiri a bayan idona kamar ɓarayi."

Ni dariya na yi har kofi ya sarƙe ni. Shi bai yi ba. Ya sauke bonet a hankali, ya je bakin tagar ya daɗe yana ba ta haƙuri. Washegari ya buɗe bonet. Kashegarinta ma ya buɗe. Tun daga nan babu safiyar da ba ya buɗewa, ko an mutu ko ba a mutu ba, don kada wani majinyaci ya sake karanta ajalinsa a jikin mota. Mbah Ponirah ta warke sarai, ta ci shinkafar bikin jikokinta, kullum tana zaginsa ta taga wai hayaƙinsa ne zai kashe ta.

Ni kuma na samu abin yi da safe.

"Kang, yaya amarya ta kwana?"

"Ta fi taka lafiya."

"Tawa dai ba ta ɗaukar fasinjan da ba ya cewa na gode."

"Taka in ta wuce, magen gari uku ke yi mata rakiya. Ka matsar da ita daga gaban masallaci, tana karya wa mutane alwala."

Amaryarsa ta gaskiya kuwa Yu Warsini ce, wato Yaya Warsini. 'Yar tudu ce, daga wani ƙauye a gefen dutsen Sumbing inda ake noman taba, inda sanyi ke sa mutum ya kwana da hula. Aure ya sauko da ita bakin teku tana yarinya. Ta koyi bandar kifi har ta fi 'yan gari, hayaƙin ɓawon kwakwa ya zauna mata a gashi da zane, in ta shigo taro hanci ke fara amsa sallamarta. Mace ce mai dariya daga ciki, duk abin da mijinta ya ƙi faɗa ita ta faɗa har da ƙari. Abu ɗaya ne ba ta taɓa shiryawa da shi ba, ruwan nan.

Tana da dalili. Ɗansu na fari zazzaɓi ya ɗauke shi bai daɗe da fara tafiya ba. A lokacin maƙabarta tana da itatuwa da inuwa, akuya ma tana kiwo a ciki. Yanzu ɓangaren da aka sa yaron ko ruwa ya janye ba ya fitowa. Duk shekara kafin azumi, in mutane sun tafi share kaburburan iyayensu, ita sai ta shiga kwalekwale da furanni a cinya, ta sa a tsaya a inda take kyautata zato, ta watsa su a kan ruwa. Igiyar ruwa ta kwashe su ta yi gaba.

A gabana ta yi maganar, wata rana da ta kawo masa abincin rana rumfar mota.

"Baban Lastri, na ba ruwan nan ɗa ɗaya. Ya ishe shi. Ni ka kai ni gida, inda in an haƙa rami ƙasa ce ke fitowa."

"Zan kai ki."

"Da kanka."

"Da kaina mana. Wa zan ba makulli?"

Na ce, "Yu, in ya riga ki fa?"

"Wannan? Ba zai riga ni ba. Ko lahira ce sai ya tsaya ya duba mai."

Muka yi dariya ni da ita. Shi ya ci gaba da cin shinkafarsa da soyayyen tempe, wainar waken soya, amma na ga ya taɓa igiyar wuyansa.

Ciwon ya fara mata da kumburin ƙafa. Ta ce tsayuwa ce a bakin murhu. Da kumburin ya haura aka kai ta asibiti a Semarang, Kasmuri ya tare a can, yana kwana a tabarma ƙarƙashin gadonta. 'Yarsu Lastri tana kai da komo tsakanin asibiti da aikinta a masana'antar ɗinki.

To, al'adarmu ce in wata ya cika mu kai motoci kan gada, don a ranakun ne ruwa ke yin girma. Kasmuri bai taɓa mantawa ba. A wannan karon wata ya cika, iska kuma ta taso daga arewa tana turo teku. Na kai tawa kan gada, na kira shi a waya.

"Kang, ruwan nan bana ba na wasa ba ne. Ka ba Lastri makulli ta kawo in fitar da amarya."

"Na ɗaga daɓen rumfar bara. Ba zai kai ba."

"In ya kai fa?"

"Ba zai kai ba, Ran. Kai in ka hau ta, sai ta yi wata tana ƙarni."

Ruwan kuwa ya kai. Ya shiga masallaci ya ɗaga tabarmi, ya hau motar har ya rufe tayoyi, ya kwana a nan abinsa, ya sauka ya bar mata zanen laka a jiki. Babban titin bakin teku ya cika, tireloli suka yi layi cikin ruwa ba gaba ba baya. A cikin wannan hali likitoci suka ce a mayar da Yu Warsini gida, abin da za su iya sun yi. A kwalekwale aka ƙarasa da ita. Kasmuri ya shiga ɗaki da ita bai sake fitowa ba. Muna zaune a rumfar kofi muna kallon bonet a rufe safiya bayan safiya. A da buɗe shi ke tsorata mutane. Yanzu rufewar ce ta hana mu haɗa ido.

Ta cika bayan sallar Asuba, ranar wata Talata.

Hantsi bai gama ɗagawa ba ya fito. Ruwa a titi iya idon sawu. Mata suna ciki suna wanka, maza mun taru a gaban masallaci. Pak Modin ya biyo bayansa da guntun farin ƙyalle, ya tsaya yana juya shi a hannu, bai san ko ya dace ya miƙa ba, tunda daga likkafaninta aka rage shi. Kasmuri ya karɓa.

Ya fara duba baƙin mai na inji, lafiya. Ya shiga ya murza makulli, ta tashi bugu ɗaya. Na ji mutane suna sauke numfashi suna hamdala. Ya bar ta ta yi ɗumi, ya bi da giya gida-gida, ya fito ya zaro geji, ya goge, ya mayar, ya zaro. Ina tsaye a kafaɗarsa. Abin da ya sauka a kan ƙyallen nan jan lemo ne da madara. A ranar ban ce a jefa ƙanƙara ba.

Ya daɗe yana kallonsa. Bai ɗaga wa rana ba, bai kai hanci ba.

Pak Modin ya matso. Mutum ne mai taushin murya, aikinsa ya koya masa. Ya ce, "Kang, ka san yadda lokaci yake. Ruwa zai janye bayan Azahar, kuma ba zai daɗe ba. In a nan ne, dole in gaya wa masu haƙa su shirya. In can ne, a kira 'yan'uwanta su fara. In muka rasa duka biyun, sai ta kwana."

Lastri ta riga ta kira birni ko za a samu motar haya. Duk wanda ta samu amsa ɗaya ce, titi a toshe yake, kuma babu mai sa motarsa a ruwan gishiri, sai gobe in Allah ya kai mu.

"A kira can," in ji Kasmuri. "Su haƙa. Ran, sauko mini da galan biyun nan."

Yana da galan biyu na sabon mai a rataye a rufin rumfar, inda ruwa ba ya kaiwa. Na sauko da su. Ya tuɓe rigarsa, dattijo mai furfura da matarsa ke kwance ana yi mata wanka, ya kwanta a jiƙaƙƙen daɓe, ƙafar nan a miƙe kamar itace, ya shige ƙarƙashin mota. Na riƙe masa roba. Ya kwance noti, man ya zubo da kumfa. Ya ɗaure, ya fito, ya zuba sabo, ya tayar, ya jira. Wahalar irin wannan mota ita ce in ka tsiyaye, ba duka ke fita ba, fiye da rabi yana maƙale a cikinta, sabon ya je ya gauraya da shi. Ya shafa a wani gefen ƙyallen. Madarar ta ragu, amma tana nan.

Ya sake shiga. Galan na biyu ya ƙare. Rana ta kusa tsakiya, an fito da makara an ajiye a barandar masallaci, an lulluɓe da koren mayafi, an jera furanni a kai. Ya zaro geji, ya goge, ya mayar, ya zaro. A wannan karon ya ɗaga wa rana. Kowa ya miƙa wuya.

Ja ne, amma ja mai hazo, kamar idon da ya sha kuka.

"Ai ya yi," wani ya ce daga baya.

"Ja ne wannan, wallahi."

Ni ma na ce, "Kang, ko zoɓon matata bai kai shi ja ba." Muna so ya zama ja, duk cikinmu. Da so yana rina mai, da ya rinu.

Lastri ta kama hannunsa. "Baba, ai tana tafiya. Na ga ka sa giya ta motsa. Mu gwada mana."

"A shimfiɗaɗɗen titi za ta tafi," ya ce. "Har Ungaran ma za ta kai. Sai mun kama hawa ta ɗauki zafi, ruwan nan ya tafasa a cikinta. Za ki ji inji yana kuka, mota tana tsaye. A nan za mu sauke uwarki a gefen titi, tireloli suna wucewa suna leƙenta. Na mutane ban bar su a hanya ba, Lastri. Ba zan fara da ita ba."

Ya kashe motar. Muna jin ƙarar ruwa yana tsiyaya daga lungu, ya fara komawa. Masu haƙa sun iso da fartanyu, suna tsaye can gefe don kunya, amma bokitansu suna karo da juna, kowa yana ji.

Pak Modin ya ce, "Ƙasa duk ta Allah ce, Kang. Ka yi iya ƙoƙarinka, kowa shaida ne. Ita ma da tana gani ba za ta zarge ka ba."

"Da na ba da makulli, da ba mu zo nan ba," in ji Kasmuri. "Wannan ba ƙoƙari ba ne, taurin kai ne."

Ya dubi makarar, ya dubi bokitan. Sannan ya juyo gare ni.

"Ran. Taka tana kan gada?"

Na yi shekaru ina jiran ranar da mutumin nan zai nemi wani abu a wurin motata, na tanadi baƙaƙen maganganu buhu guda. Ko ɗaya ban samu ba. Na ce, "Tana can, Kang. Amma jiya kifin bandeng ta ɗauko, har da kayan ciki."

Lastri ta fashe da kuka. "Baba, a motar kifi? Matar mai motar gawa? Kowa ka kai shi gida cikin mutunci, ita kuma a shigar da ita garinsu kamar kwandon kasuwa? Me kawunnaina za su ce?"

"Su ce abin da suka ga dama. Alkawari biyu na yi mata, in kai ta gida, in kai ta da kaina. Ruwa ya ci ɗaya. Ba zan ba shi na biyun ba." Ya share mata fuska da bayan hannu, don tafinsa duk mai ne. "Kuma ƙarnin kifi ba baƙon uwarki ba ne. Da shi ta biya miki makaranta."

Matan garinmu in sun tashi aiki, ka matsa kawai. Kafin a idar da Azahar sun isa kan gada da bokitai da tsintsiya. Suka wanke bayan motar da omo, suka goge da lemon tsami, suka barbaɗa garin kofi suka sake wankewa. Matata tana gurzawa tana harara ta. "Ka ga irin ta, Tukiran. Tun yaushe nake ce maka ka wanke wannan masifar?" Aka shimfiɗa tabarmin masallaci da suka bushe, aka ɗaura tamfol ɗin biki a sama, aka zuba ganyen pandan mai ƙamshi da furanni. Ta yi ƙamshi, ba laifi. Amma in ka matso sosai, kifin yana nan a ƙasa yana gaishe ka.

Aka yi mata salla, muka ɗauko makara a kafaɗa, muna taka ruwa har gada. Kafin a ɗora ta, Kasmuri ya tare ni.

"Yaushe rabonka da duba man giyarta?"

"Dama tana da shi?"

Bai ko harare ni ba. Ya karɓi sifana, ya sake kwanciya a kan kwalta ya shiga ƙarƙashin a-kori-kura. Irin tawa ba ta da geji, sai dai ka kwance noti ka zura yatsa. Ya fito ya shafa yatsan a ɗan farin da ya rage a ƙyallen, ya duba, ya sansana.

"Baƙi ne kamar bakin mai ita. Amma babu ruwa. Ku ɗora."

Na buɗe masa ƙofar gaba. Ya dubi kulocin, ya dubi ƙafarsa, ya rufe ƙofar. Ya ce Lastri ta zauna a gaba. Aka kama shi ya hau baya, ya zauna a gefen makara, ƙafar a miƙe, hannu ɗaya a kan koren mayafi. Duk tsawon shekarun nan yana kai matattu gida, bai taɓa zama tare da ɗayansu ba, kullum ƙeya yake ba su.

Muka bi ta baya, ta Mranggen, muka kauce wa titin da ya toshe. 'Yan rakiya suna biye a babura. Ban taɓa tuƙi irin na ranar ba. Ni da nake faɗa wa rami kamar mai bin bashi, sai ga ni ina lallaɓa kowane tudu kamar na ɗauko ƙwai. Bayan Ambarawa hanya ta miƙe tsaye. Motata ta koma giya ɗaya tana gurnani, tana rawa, tana hawa. A madubi ina ganinsa, duk lokacin da muka kama hawa sai ya rungume makarar da hannu biyu kada ta zame, bakinsa yana motsi a kusa da kanta. Ban san ko addu'a yake yi ba, ko kuwa maganganun da ya tara ne tun aurensu. Ban tambaya ba. Iska ta fara sanyi, gonakin taba suka fara bayyana a gefen hanya. Lastri ta sauke gilashi ta daina kuka.

Mun isa La'asar ta yi sanyi. Mutanen ƙauyen suna tsaye a bakin hanya, sun sa ido ga farar bas, sai ga a-kori-kura da tamfol. Na ga an fara kallon-kallo. Wani tsoho ya fito daga cikinsu, wan Yu Warsini ne, ya zo bayan motar ya tsaya. Hancinsa ya motsa. Lastri ta sunkuyar da kai.

Tsohon ya ce, "Ƙanshin Warsini ke nan. Duk Sallah da shi take shigo mana gida, tun daga bakin hanya yara ke ganewa." Ya dafa makarar. "Sannu da zuwa, ƙanwata. Kin daɗe."

Maƙabartarsu tana kan gangare, ƙarƙashin itatuwa. An riga an gama haƙa, jar ƙasa ta taru a gefe. Kasmuri ba zai iya sauka cikin ramin ba saboda gwiwa. Aka ajiye makara, masu sauka suka tuɓe takalma. Sai ya ɗaga hannu ya ce a dakata.

Ya ce da wanda ke cikin ramin, "Ɗan'uwa, ɗebo mini daga can ƙasa. Daga inda za ta kwanta."

Mutumin ya dubi tsohon, tsohon ya gyaɗa kai. Ya ɗebo da tafin hannu ya miƙo. Kasmuri ya zaro ƙyallen nan daga aljihu, duk ya ɓaci da mai, ya nemi gefen da ya fi haske, ya zuba ƙasar a kai. Ya ɗaga wa rana. Ya murza da yatsu, ta warwatse tana zuba ta tsakaninsu. Ya kai hanci, ya daɗe.

"Babu ruwa," ya ce. "Ku sa ta."

A hanyar dawowa ya zauna a gaba, Lastri ta tsaya wurin dangin uwarta. Mun sauko har Ungaran babu wanda ya ce uffan, ni da kaina na yi mamakin bakina. Can sai na ji abu ya faɗo mini a cinya. Igiyar ce, da makullin a jiki.

"Gobe ka kai a yanko na biyu," ya ce. "A kafa ƙusa a masallaci a rataye shi, inda kowa zai gani."

"To, Kang."

Ya juya yana kallon waje, inda fitilun bakin teku suka fara bayyana a ƙasa.

"Kuma ka canja wa motar nan mai. Kunya ta kama ni a gaban surukaina."